Anti Tabarau da Matan da Ta Tara

Duk wanda ya taɓa neman tabarau a garin, nasa ko na tsohuwarsa, ya san shagonta. Yana kan layin tsohon gidan waya, tsakanin mai ɗinkin labule da wani kemis da ya sha sauya hannu har aka gaji da sauya masa allo. Manya suna ce mata Mai Tabarau, 'yan baya kuwa Anti Tabarau, ita kuma duk wanda aka kira amsawa take.

Mahaifinta mai gyaran agogo ne. A gindin teburinsa ta girma, tana tsinto masa ƙananan kusoshi in sun faɗi, saboda idonsa ya soma rauni tun tana firamare, kuma bai yarda kowa ya sani ba sai ita. Da ta gama sakandare ta samu shiga sashen ido na babban asibiti. Ta fara da ɗiga wa mutane magani da riƙe kan yara masu tirjiya, daga baya aka tura ta kwas, ta dawo ta iya gwada ido da yanka gilashi. Ta daɗe a nan kafin ta buɗe nata wurin.

Shagon siriri ne mai tsawo kamar lungu, kuma tsawon ne ya sa ya dace da ita, don allon haruffa yana son nisa. Allon na bangon ƙurya, kujerar gwaji na kusa da ƙofa, a bayan labule kuma akwai injin goge gilashi da ruwa ke ɗiga a kansa. Mutane in sun zauna a kujerar nan, hira ce ke ɓalle musu. Kafin a sauko layin ƙananan haruffa ta ji wanda ɗansa ya gama karatu yana zaune, da wadda ke neman ɗakin haya, da wanda ya rasa amintaccen da zai riƙe masa shago. Ba abin da take so kamar ta haɗa wannan da wancan. Mijinta kan ce da haɗa mutane sana'a ce da ake biya, da tuni sun gina bene.

Shi mijin, da can shi ke kula da injina a kamfanin takalma, kamfanin da rabin garin ke ci a ƙarƙashinsa. Ranar da aka rufe shi ya dawo gida da hular aikinsa a hannu. Ya yi ta buga-buga, yau nan gobe can, har wata safiya ɓarin jikinsa na hagu ya ƙi tashi tare da shi. Ciwon ya tafi da ƙafa da hannu, ya bar masa bakin barkwanci. 'Ya'yansu biyu maza duk sun bi aiki zuwa nesa, sai dai waya. Saboda haka ita ce ke yi masa wanka da safe, ta zaunar da shi a baranda da rediyo, ta tafi shago, ta dawo da rana ta juya shi ta ba shi magani, ta koma.

Ƙungiyar mata ma'aikata ta garin ta girme shagon. Wadda ta kafa ta ita ce mace ta farko da ta shugabanci gidan waya, kowa Goggo yake ce mata. A zamanin da kamfani ke huci, ƙungiyar kan cika zauren ɗakin karatu duk ƙarshen wata: nas-nas, malamai, akantoci, masu buga tafireta. A nan ne Mai Tabarau, tana ƙuruciya, ta fara furta cewa tana son buɗe shago, tana faɗa tana jin kunya, kafin a tashi wata ta ce yayanta yana da wani siririn ɗaki da kowa ya ƙi. Amma da kamfani ya mutu, banki ya kwashe reshensa, gidan waya ya zama ma'ajiyar karyayyun kujeru, sai ƙungiyar ta bi sahu. Aka koma tsofaffi kaɗan, su haɗu su sha shayi, su ambaci waɗanda suka rasu, su watse. Daga baya shayin ma ya tsaya.

Wata rana Goggo ta zo shago tana dogara sanda tana laluben bango, ta ce tabaraunta ya tsufa. Mai Tabarau ta zaunar da ita, ta sa gilashi, ta sauya, ta sake sauyawa, har ta kai na ƙarshe a akwati. Goggo ba ta ga ko babban harafin sama ba.

"Goggo, wannan ba aikin tabarau ba ne. Yanar ido ce ta rufe miki gani, sai an yi aiki a asibiti."

"Na sani," in ji Goggo. "Likita ya ce sai sukarina ya sauka. Ba don tabarau na zo ba, dalilin fitowa na rasa. Ƙungiyar nan, ke za ki ɗauka."

"Ni, Goggo? Ga shago, ga mai jiki a gida."

"Kowa da mai jikinsa. Ban san wata da ta san mutane kamarki ba. In kin ƙi, faɗa min yanzu in san tare za a binne mu da ita."

Ba a yi wa babba musu a kan irin wannan magana. Da ta gaya wa mijin, sai ya ɗaga hannun da ke motsi ya sara mata.

"Ranki ya daɗe, Shugaba. Mabiyan naki su waye?"

"Yanzu dai ni da Goggo."

"To ai kin ci zaɓe ba hamayya."

Daga ranar bai sake kiranta da komai ba sai Shugaba.

Zumunci a ƙafa yake, don haka ta sa ƙafa. In ta gama da maigida da rana, maimakon ta koma shago sai ta bi asibiti, ta bi kotu, ta bi makarantu da ofishin ruwa. Wasu su karɓe ta da mutunci su ce za su duba. Wasu su tambaya kai tsaye, "Anti, akwai abin da ake rabawa ne?" In ta ce babu sai sanin juna, su yi mata irin murmushin da ake yi wa tsoho in ya soma ba da labarin arhar zamaninsa.

Mutum biyu ne suka fara riƙe maganarta. Ɗaya yarinya ce da ta karanta aikin gini a jami'a, amma tana koyar da 'yan aji biyu a wata ƙaramar makaranta. Ko a can Injiniya ake ce mata, rabi girmamawa rabi tsokana. Ɗayar kuma Lauya ce, mai ofis a saman wani shagon taya, inda take yini tana rubuta takardun haya da na sayar da fili, bugun guduma na tasowa ta ƙarƙashin kujerarta. Lauya ba ta da yawan magana, amma in ta ce za ta zo, to za ta zo. Ita ta buɗe musu guruf a waya, ita ta lallashi mai ginin ya ba su ɗakin da ke saman shagon tabarau, wanda tantabaru suka daɗe da mallakewa. Suka share, suka wanke, Injiniya ta hau tsani ta toshe inda ke yoyo.

A taron farko kujeru sun fi mutane. Sannu a hankali wannan ta jawo waccan, aka fara aron benci wurin mai labule. Kafin shekara ta zagayo, wadda ta makara a kan matakala take zama.

Ba wani abin mamaki ake yi a ɗakin ba. Wata akanta daga ofishin ruwa ta koya musu tsara takardar neman aiki. Sai a yi gwajin ganawa: Mai Tabarau ta zauna bayan tebur, ta sauke tabarau kan karan hanci, ta zama mugun shugaba. "Me zai sa in ɗauke ki, ga maza reras a waje?" Yarinya ta daburce, a fashe da dariya, a sake, a kuma sakewa, har ta iya amsawa tana kallon idon mai tambaya. Lauya ta bi kadin wata malama da aka sallama don ta samu ciki, aka mayar da ita bakin aikinta. Suka matsa wa asibiti har ya ware wa ma'aikata masu shayarwa ɗaki. Mai Tabarau kan dawo gida muryarta a dashe, ta zauna tana matsa wa mijin hannu tana ba shi labari, tana kwaikwayon muryar kowa. Tun da take, ba ta taɓa jin daɗin wani zamani kamar wannan ba.

Abu ɗaya ne ke sukar ranta, shi ne Injiniya. Yarinyar da ke duban bango ta faɗi inda zai tsage tana ƙarewa a kan koya wa yara baƙaƙe, garin kuwa ba mai gina komai a cikinsa. Sai ta tuna wata tsohuwar 'yar ƙungiya da ta bi mijinta babban birni tun da jimawa, aka ce yanzu manaja ce a wani kamfanin gine-gine. Ta bi ta hannun wannan da wancan har ta samo lambarta. Manaja ta yi murna, suka sha hirar da, sannan ta ce, "Ta zo ta same ni. In dai ke kika ce, ba sai na tambayi kowa ba."

Aka ɗauki Injiniya. Ranar ban kwana an sha hotuna, Mai Tabarau ta miƙe ta yi jawabi. Ta ce, "Duk wadda ta hau, ta miƙo hannu ta jawo 'yar'uwarta. Ƙungiya ke nan." Aka tafa.

Injiniya kuwa 'yar halak ce, ta riƙe maganar. Ba a jima ba ta bugo ta ce ana neman akanta. Akanta ta tafi. Ita ma da ta zauna ta jiyo labarin wata makaranta mai neman malamar lissafi, da wani asibiti mai neman nas. Kowace ta tafi sai ta miƙo hannu, kamar yadda aka koya mata. Da fari ana yin taron ban kwana, daga baya sai dai a ga saƙo a guruf da hoton sabon ofis.

Ɗakin bai rage cika ba. Ƙara cika ma ya yi, sai dai fuskokin ba sa daɗewa. Kafin Mai Tabarau ta gama sanin mutum, ta san mijinta da 'ya'yanta da abin da ke hana ta barci, ta riga ta zama hoto a waya. Mai labule in ya ga 'yan mata na hawa sama da takardu a hannu, sai ya leƙo ya ce, "Maƙwabciya, yau motar ina ce ke lodi a tashar taki?" Wata sabuwar zuwa ta tare ta bayan taro, cikin ladabi ƙwarai, ta ce, "Anti, don Allah sai mutum ya daɗe kamar yaya kafin a tura shi?"

Ta kai maganar gida. Mijin ya saurara har ta dire, sannan ya ce, "Shugaba, kin taɓa ganin kazar da aka sa wa ƙwan agwagwa? Ta kwanta a kai, ta ƙyanƙyashe, ta yi ta yawo da su tana taƙama. Ranar da suka ga ruwa kuwa…"

"Ya isa haka."

"Ban ce laifinta ba ne. Ita dai bakin ruwan za ta yi ta zagayawa."

Ta tashi ta shiga kicin ta daɗe tana wanke kwanon da ba shi da datti. Bai sake yi mata wannan wasan ba.

Wanda ya sa abin ya zauna mata a ƙirji shi ne tsohon likitan ido, ubangidanta na da a asibiti. Ya shigo shagon da rana tsaka, ta ba shi kujera ya ƙi zama.

"Nas ɗin da ke tsaya min a ɗakin tiyata ta tafi. An ce ke kika yi mata hanya."

"Ba ni ba ce, Likita. 'Yan'uwanta ne na ƙungiya."

"Ƙungiyar ta wa ce? Shekara da shekaru ina koya wa yarinyar nan. In na miƙa hannu ba sai na yi magana ba. Wadda aka ba ni yanzu, da ta ga jini sai ta nemi wurin zama. Na ɗage duk aikin da ke gabana sai an samo wata, ke kuma kin san yadda ake samowa a nan." Ya juya zai fita, ya tsaya a bakin ƙofa. "Cikin waɗanda na ɗage har da tsohuwarku ta gidan waya. Sukarin ya sauka, da satin sama za a yi mata. Na ga ya kamata ki ji daga bakina."

Ta rufe shago ta tafi gidan Goggo. Ta same ta zaune ta fuskanci taga, don hasken kaɗai take ganewa yanzu. Ta durƙusa kusa da ita ta faɗa mata yadda aka yi. Goggo ta juyo da fuskarta wajen muryar.

"Yarinyar, can ɗin ta samu wuri mai kyau?"

"An ce mai kyau ne."

"To da kin riƙe ta, me za ki ba ta?"



"Mu a zamaninmu akwai abin da ake tsayawa dominsa," in ji Goggo. "Ban yi wannan tunanin ba da na ɗora miki kayan." Ta lalubo hannunta ta riƙe. "Ni dai na so in ga ɗakin nan naku da ake ta ba ni labari."

Mai Tabarau ta yi abin da za ta iya. A taro na gaba ta kawo shawarar cewa duk wadda za ta tafi ta fara horar da wata a gurbinta, ko da za ta ɗan jinkirta. Sai wata mai gwajin jini ta ɗaga hannu.

"Anti, da girmanki. Ni tun da na gama karatu nake asibitin nan, har yau 'yar sa kai ake ce min. Safar hannu ma wankewa muke mu sake sawa. In hanya ta buɗe min, sai in ce mata ta jira ni?"

Mai Tabarau ba ta ga ta inda za ta ce yarinyar ta yi kuskure ba. Maganar ta tsaya a nan, ba a karɓa ba, ba a ƙi ba.

Ta bi ofisoshin manya tana roƙon a ɗauki 'yan sa kai aiki. Aka ba ta kujera mai laushi da ruwan sanyi, aka yaba wa ƙoƙarinta, aka rako ta har ƙofa. Ta roƙi waɗanda suka tafi su riƙa waiwaye, ko da koyarwa ce ta waya, suka amsa da zuciya ɗaya. Aka gwada. Lauya ta jingina waya da kofi a kan tebur, fuskar Injiniya ta fito, ta yi ƙiba ta yi haske, ta fara bayani, hoton ya daskare bakinta a buɗe. Da aka sake sa rana, aiki ya riƙe ta, ta bugo tana ta ba da haƙuri. Ba wanda ya yi wa Mai Tabarau ƙarya, ba wanda ya ci amanarta, shi ya sa ta rasa wanda za ta yi fushi da shi.

Duk da haka akwai Lauya. Wata rana suna tattara kujeru ta taɓa cewa, "Ni ina nan, Anti. Tsohuwata ba ta da kowa sai ni, kuma dole wani ya tsaya." Mai Tabarau ta jingina da wannan magana kamar bango. Sun ma gama shiri: a zaɓe mai zuwa za ta sauka Lauya ta hau, don gwiwarta ta soma ƙin matakalar, maigida kuma ya kai inda ba a daɗe ana barinsa shi kaɗai.

Wata safiya tana goge gilasai Lauya ta shigo. Ba ta tsaya a bakin kantar shagon kamar yadda ta saba ba, ta wuce ta zauna a kujerar gwaji.

"Idon ne?"

"A'a, Anti. An sayar da ginin da nake, za a tashe mu. Ba ma wannan ba. Rabon da wani ya hawo ofishina har na manta. Masu sayar da fili sun gaji, don ba mai saye. Kamfanin su Manaja na neman lauya."

Mai Tabarau ta ci gaba da goge gilashin da ke hannunta.

"Na tura takarduna. Ta ce ta gani, amma ba ta ɗaukar 'yar garin nan sai ta ji daga bakinki."

"Inna fa?"

"Ƙanwarta za ta dawo gidan. In na zauna da gindina zan zo in ɗauke ta, in ta yarda." Ta sunkuyar da kai. "Na san abin da na faɗa, Anti, ban manta ba. Da da yadda zan yi ba tare da na roƙe ki wannan ba, da na fi so."

"Zan kira ta," in ji Mai Tabarau.

Ba ta kira ranar ba, ba ta kira washegari ba. Ta ce wa kanta layi ba kyau, ta ce Manaja mai hidima ce, a bari ta huta. Lauya ba ta tuna mata ba. Ta ci gaba da zuwa tana share ɗakin sama tana amsa saƙon sababbi, kuma wannan ya fi tuni ciwo. Mijin ya lura wayar na yini a kife a kan tebur.

"Shugaba, in ba ki kira ba za ta zauna," ya ce, kuma ba wasa a muryarsa. "Kullum za ki riƙa ganinta. Za ki iya?"

"In na kira kuma, wa zai riƙe?"

"Wannan ban sani ba."

A barandar ta kira, da rana, yana zaune yana ji. Bayan gaisuwa Manaja ta ce, "Faɗa min tsakani da Allah, yarinyar za ta iya? Wurin nan ba wasa."

Mai Tabarau ta san ba sai ta yi ƙarya ba. In ta ce "to, ba laifi," ta ɗan ja muryar, ya isa, don Manaja mai gane magana ce tun kafin a ƙarasa. Kalmar ta zo mata har kan harshe. Sai ta ji kanta tana cewa, "Duk waɗanda suka zo miki daga nan ba kamarta. In ta ce za ta yi abu, ki ɗauka an yi."

"Shi ke nan, ta fara farkon wata. Ke fa? Har yaushe za ki yi ta yi wa mutane hanya kina zaune? Akwai asibitin ido nan kusa da mu, mai shi abokin maigidana ne. Ki taho mana."

Ta dubi mijin. Yana ƙoƙarin kai kofi bakinsa, rabin ruwan na bin haɓarsa. Gidan nan nasu ne, likitansa na nan, kuma duk mazan layin sun san yadda ake ɗaga shi in ya zame.

"Wa zai gwada wa tsofaffin nan ido?" ta ce. Suka yi dariya, ta kashe wayar, ta ɗauko tawul.

Lauya ta tafi. Kafin ta tafi ta miƙa mata makullin ɗakin sama, ta zauna ta nuna mata yadda ake sa mutum a guruf da yadda ake cire shi, ta maimaita har ta tabbata ta iya. Ranar zaɓe ba wadda ta tsaya. Duk wadda aka ambata sai ta ce, "Anti, ni ban san ko baɗi ina nan ba." Aka ce ta ci gaba, aka tafa mata. Goggo ta rasu a cikin shekarar, ba a kai ga yi mata aikin ba.

Bayan 'yan makonni da tafiyar Lauya, wata dattijuwa ta shigo shago, waya a ƙulle a hannunta. Mai Tabarau ta gane ta. Mahaifiyar Lauya ce.

"Sannu da zuwa, Yaya. Ya kaɗaici?"

"Kaɗaici sai haƙuri. Ta aiko min waya mai hoto. In ta kira ina jin muryarta, amma fuskar kamar a cikin ruwa. Ki yi min wanda zan riƙa ganinta."

Dattijuwar ba ta karatu, don haka Mai Tabarau ta rataya ɗaya allon, mai zane kamar yatsu uku, ta ce ta riƙa nuna inda suka fuskanta. Suka bi layi-layi, wannan ko wannan, har aka dace. Duk tsawon gwajin dattijuwar ba ta ce komai ba sai amsar abin da aka tambaye ta. Sai da suka koma bakin kanta, tana jujjuya wani tabarau mai ruwan ƙasa a gaban madubi, sannan ta yi magana.

"Da aka ce min ke kika yi mata hanya, na yi niyyar in zo in faɗa miki magana. Na shirya ta tsaf. Har bakin layin nan na zo na koma."

"Ki faɗa, Yaya. Zan ɗauka."

"Ta zube a hanya. Yarinyar da ke dawowa gida ta zauna ba uffan, jiya dariya take min a waya har tana tari. To me zan ce miki? Na gode ba ta fitowa, ɗayar ma ba ta fitowa."

Mai Tabarau ta auna mata tsakanin idanu, ta ɗiga alama a gilashin, ta ce ta dawo jibi. Dattijuwar ta gyara mayafi, ta kai ƙofa, ta juyo.

"Af, akwai 'yar maƙwabciyata, ta karanta haɗa magunguna, tana zaune a gida. Uwarta ta ce in tambaye ki ranar da kuke taro."

Mai Tabarau ta san uwar. Mijinta ya rasu, kuma yarinyar ce kaɗai ta rage mata a gida. Ta so ta ce an daina, ta so ta ce ɗakin ya cika. Ta tsaya da tabarau mai ruwan ƙasa a hannu, dattijuwar na jira.

"Asabar ɗin ƙarshen wata, da yamma," ta ce. "Ki ce ta zo da takardunta."

Dattijuwar ta maimaita ranar don kada ta shige mata, ta yi sallama ta fita.